Gurbin da Ke Gefen Cleophus

"Ajiye cokalin nan, Mis Verlene, ki saurare ni," in ji Eusebio. "Kada ki bari su ƙone ni."

Ina tsaye a kansa da kwanon romon kaza, shi kuwa yana kishingiɗe a kujerar barandarsa, ya rame har zobensa yana yawo a yatsa. Na ce, "Wa zai ƙone ka? Buɗe baki ka sha, ka cika surutu."

"Kin fi ni sanin dokar gundumar nan. Gawar da ba mai ita, kwana goma sai wuta. Su zuba ka a gwangwani kamar garin kofi, su ɗora a kanta."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Na ce masa in dai ina numfashi ƙasa zai shiga kamar kowa, sannan na ɗura masa romon ko yana so ko ba ya so.

Shekara talatin da ɗaya muna maƙwabtaka da mutumin nan. Daga Meksiko ya zo cirar albasa, kaka ta wuce, abokan tafiyarsa suka yi gaba, shi ya zauna. A lokacin gundumarmu launi biyu ce, farare da mu baƙaƙe, kuma komai biyu ne: shagon aski biyu, gidan shirya gawa biyu, maƙabarta biyu a tudu ɗaya da shingen waya a tsakani. Kowa ya san inda zai kwanta tun kafin ya iya tafiya. Mijina Cleophus, Allah ya ji ƙansa, shi ya fara jan Eusebio zuwa kamun tarwaɗa, ba don yana jin yarensa ba, sai don ya samu wanda ba zai katse masa ƙarya ba.

Sau biyu na yi wa gwamnati aikin ƙidaya, gida-gida da takarda da fensir, don haka ba wanda zai gaya mini su wa ke gundumar nan. Karon farko gidan 'yan Meksiko uku na samu. Karo na biyu, bayan an buɗe kamfanin yankan kaji, kusan kowace ƙofa ta biyar tasu ce, yaranmu kuma duk sun gudu birnin Atlanta. Ranar da na zo kan Eusebio, na karanta masa layin launin fata, ya miƙo hannunsa ya jera da nawa.

"Fari ko baƙi, Mis Verlene?"

"Kai za ka faɗa, ni rubutu kawai aka ce in yi."

"To ai ban kai ki ba, na kuma wuce baturen gidan mai."

Cleophus yana gefe yana dariya har da tari, ya ce, "Rubuta ɓarawon tarwaɗa!" A ƙarshe ɗan akwatin can ƙasan takardar na cika masa, wanda aka rubuta wani jinsi dabam. Na yi dariya a ranar. Ban san akwatin nan zai biyo shi har bakin kabari ba.

Ranar Talata da safe na leƙa ta tagar kicin na hango Eusebio zaune a ƙasa cikin tukwanen barkononsa, ya jingina da bango, hular kabarsa ta rufe masa ido. Na ɗaga murya da sunan da muke kiransa, "Sebo, tsufa ne ko lalaci?" Bai amsa ba. Da na isa, bututun ban ruwa yana hannunsa, ruwa yana ta malala ƙarƙashin ƙafarsa, shi kuwa ya riga ya cika. Na kashe famfon, na zauna kusa da shi, na yi kukana ya ishe ni kafin in kira kowa.

Daga nan aka fara yawo da ni. A gidan shirya gawa na farare, matar da ke wurin ta ce da ni cikin murya mai zaƙi, "Ai su gida ake mayar da su, ko ba haka ba?" Na ce gidansa yana kallon nawa, ƙanwarsa ɗaya tilo da ta rage a can ta rasu tuni. Ta ce in tuntuɓi namu. Namu suka ce za su wanke shi su sa a akwati, amma ina ramin? Cocin Katolikan da yake zuwa mil arba'in ne daga nan, kuma ba shi da maƙabarta. Kwamitin maƙabartar farare suka ce kowane gurbi yana da iyalinsa, alhali ina ganin fili ta cikin waya wanda zai ɗauki garken shanu. Kwana shida suka tafi a haka.

Rana ta bakwai na samu Ozell Pettiford, dattijon cocinmu mai riƙe da littafin maƙabarta, yana yanke ciyawa a tudun. Tare muka yi firamare, na san shi tun yana zubar da majina, don haka ban tsaya dogon gaisuwa ba.

"Ɗan'uwa Ozell, rami nake so."

Ya kashe injin, ya share wuya. "'Yar'uwa Verlene, na san abin da ya kawo ki. Ba zai yiwu ba."

"Don me?"

"Kakanninmu da suka fito daga bauta su suka sayi ƙasar nan, don farare sun hana su kwanciya can." Ya nuna wayar da haɓa. "Layin kaburbura biyu ya rage. A da mu ne fiye da rabin gundumar nan, yau dubi cocin ranar Lahadi, tsofaffi goma sha tara. Aikin kaji 'yan Meksiko sun karɓe, unguwar bakin rafi sun cika ta. In na buɗe wa ɗaya, gobe ɗari ne. Yaranmu da ke Atlanta in sun mutu nan za a kawo su, ina zan sa su?"

Ban raina maganarsa ba, domin ni ma abin yana ci mini rai. Amma na ce, "Wa ya gyara rufin cocin nan da guguwa ta yaye shi? Wa ya ɗauki kan akwatin Cleophus, lokacin da kai bayanka ya ƙi?"

"Ban ce mugu ba ne. Na ce ba na cikin littafi ba ne."

"To karanta mini littafin. Mai gurbi yana da ikon ba wanda ya so, ko babu?"

Ya kalle ni, sannan ya juya ya kalli inda nake kallo. Dutsen Cleophus irin mai faɗin nan ne na mata da miji. A dama sunansa da shekarar haihuwarsa da ta rasuwarsa. Hagu an riga an sassaƙa nawa, Verlene Tubbs, da shekarar haihuwata, da ɗan layi, da fili ana jiran sauran. Shekara tara ina zuwa duk Lahadi ina kallon wurin nan, har na saba da shi kamar gefen gadona.

"Verlene, kin haukace?" Yau ko 'yar'uwar babu. "Sunanki fa ke kan dutsen!"

"Na iya karatu."

"Ke kuma a kai ki ina? Kin ba da naki, ba ki da wani. Can ƙarshen layi jikin waya za ki ƙare, in ma an samu."

"Shekara arba'in da ɗaya Cleophus yana mini minshari a kunne. Bari Sebo ya karɓe ni, dama shi ke iya jure ƙaryarsa."

Da wasa na faɗa, amma wallahi ba wasa ba ne a raina. Na so wurin nan. Na yi wa Cleophus alkawarin kwanciya a gefensa tun yana gadon asibiti. Sai dai na san mijina, da ya ji an zuba abokinsa a gwangwani ina da rami a hannu, da bai bar ni na kwanta lafiya a gefensa ba.

Ozell ya je mota ya ɗauko littafin, ya buɗe a kan murfin injin motar. Ya rubuta sunan, ina gaya masa harafi-harafi. Da ya zo layin da ake rubuta dangantaka da mai gurbi, sai fensir ya tsaya.

"Me zan sa? Ba miji ba, ba ɗa ba, ba suruki ba."

"Sa maƙwabci."

"Babu irin wannan a littafin nan."

"Yau an samu. Rubuta, hannunka ba ciwo yake ba."

Ya rubuta.

Ranar Juma'a muka binne shi, kwana na goma cif. Mu goma sha tara muka zo da hulunanmu na coci, sai ga motoci daga kamfanin kaji, mata da maza sun fito hutun rana da takalman roba a ƙafa, hannuwansu cike da furanni masu launin ruwan lemo. Suka tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya taɓa shiga tudun nan a cikinsu. Ozell ne da kansa ya je ya buɗe ƙofar duka biyu, yana ƙunƙuni, "Ku shigo mana, rana za ta kashe mutane." Muka yi waƙarmu, suka yi addu'arsu da carbi, ba mai jin na wani, aka ce amin tare. Can tsallaken waya wani tsohon bature da ya zo share kabarin matarsa ya cire hula, ya tsaya har aka gama.

A wurinmu ana ɗora wa mamaci abin da ya yi amfani da shi na ƙarshe a kan kabari, a huda gindin abin. Na zo da kofin shan kofinsa na ƙarfe mai tsaga a baki, Ozell ya huda shi da ƙusa, na ajiye. Wata mata a cikinsu ta tambaye ni dalili, na ce haka muka tarar, ta gyaɗa kai ta gyara masa zama a cikin furannin.

Lahadin da ta biyo baya an kwana ana ruwa. Bayan coci na hau tudun, na fara zuwa ƙarshen layi na auna filin jikin waya da ƙafata. Taku uku ne da rabi, zai ishe ni. Sannan na dawo wurin dutsen. Kofin Cleophus yana dama, ya yi tsatsa, na Sebo yana hagu daidai ƙarƙashin sunana, ruwan ya bi ta hudar ya shige ƙasa.