Kafin Ta Zama Mushe

Huraira ta faɗo gida da gudu, mayafi a hannu, ta tarar Abarshi mahauci ya riga ya tsuguna yana wasa wuƙa a kan dutse.

"Wallahi ba mai taɓa min ita!" Ta shiga tsakaninsa da saniyar tana haki.

Mijinta Muttaka ya ce, "Haba Huraira! Kwana uku tana kwance tana fitsarin jini. So kike ta zama mushe, mu yi biyu babu?"

Shi ma da gaskiyarsa, dabba in ta kai gargara akan riga mutuwa da wuƙa. Amma wannan farar saniya ita kaɗai ta rage a garken mahaifin Huraira, tun ranar da ɓarayin daji suka kore musu shanu a Gayam suka dawo Birnin Gwari da zama. Ga saniyar kuma da cikin wata bakwai.

Jiya Susan, malamar dabbobi, ta zo a babur ta yi mata allura. Da ta ɗaga wutsiyar sai ga kaska cunkus, sun sha jini sun yi ɓul-ɓul, har kunnuwa da hantsa.

"Mama, su ne suka sa mata ciwon nan. A ciyawar fadama kuke kwaso su. Ina kajinku?"

Kunya ta kama Huraira. A ruga kaji ne ke tsince wa shanu kaska kowace safiya. Nan cikin gari kuwa, da maƙwabta suka yi ƙorafin suna ci musu shanyar masara, sai ta kulle su a akurki wata da watanni. Nan take ta buɗe musu.

"Malama ta ce a ba ta zuwa la'asar ɗin yau," in ji Huraira. "Malam, la'asar kawai na roƙa."

Abarshi ya gwada kaifin wuƙar a gashin hannunsa. "To mu jira. Ni dai ban taɓa ganin allurar da ta kori wuƙata ba."

Suka zauna jira. Huraira ta dafa wuyan saniyar tana yi mata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ladan na buɗe baki da kiran la'asar, Muttaka ya miƙe ya ɗauko igiya.

Sai muƙamuƙin saniyar ya motsa.

"Tuƙa take! Malam, duba, tuƙa take yi!"

Saniyar ta yi nishi, ta ɗaga ƙafafun baya, ta yi tangaɗi, ta miƙe tsaye cak. Sannan ta buɗe ƙafafu ta tsula fitsari, mutum uku suka duƙa suna leƙensa kamar masu neman allura a ƙasa.

"Ya washe! Babu jini!"

Huraira ta rangaɗa guɗa har matan maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambayar wa ya haihu. Muttaka, mai igiya a hannu, shi ya fi kowa kabbara.

"Abarshi, wuƙarka ba za ta koma haka ba," in ji shi yana dariya. "Kamo jan zakaran can, a yanka wa Malama Susan tukuici."

Zakaran na ƙarƙashin saniyar, ya yi tsalle ya fizgo wata ƙatuwar kaska daga hantsarta.

Huraira ta sake shiga gaban wuƙar.

"Shi ma ba mai taɓa min shi. Ba ku ga yana bakin aiki ba?"