Notin da Auta Ta Bari a Kwance

Auta, ƙaramar 'yata, ta samu aiki a wani asibiti can inda kwalta ta ƙare. Ranar da muka je duba wurin, sau uku cikin motarta yana gurzar dutse, sau uku ina salati. Bayan mako guda sai ga kwali biyu a tsakar gida: sababbin sifirin, shokazoba huɗu, da wasu ƙarafa na ƙara wa mota tsayi.

Na ce, "Mu kai wa mai gareji."

"Ya ce sai nan da kwana goma, Baba, ni kuwa Litinin zan fara aiki. Da kaina zan ɗaura."

"Ke da kika karanci allura?"

"Ni da na gyara maka janareto sau biyu, kana cewa shi ya ga dama ya tashi."

Uwarta ta tuntsire da dariya daga kicin. Ni ban ga abin dariya ba.

Asabar da safe ta ɗaga motar da jak, ta tokare ta da ƙafafun ƙarfe, ta shige ƙarƙashi, waya a gefenta tana nuna mata yadda ake yi. Aikina miƙa sifana. Jim kaɗan sai in girgiza ƙafar ƙarfen in ji ko tana nan daram.

"Baba, in motar nan ta faɗo, kai ka kayar da ita."

Da rana ta shiga cin abinci, motar na rataye. Na ce bari in leƙa kawai. Na durƙusa na taɓa wani ƙaton noti kusa da tayar gaba. Da yatsa biyu ya juya! Na ɗaya gefen ma haka, na baya ma haka. Har takwas. Nan take na hango ta a gangaren duwatsun nan, taya ta yi gabas, mota ta yi yamma. In faɗa mata kuma in kashe mata gwiwa, yarinya tun safe take fama. Na ɗauko doguwar sifana, na zura mata bututu, na ɗaure su tamau har da taka ƙafa. Na wanke hannu na koma kujerata.

Ta fito ta sauke motar a kan tayoyinta. Motar ta tsaya a ɗage kamar mai tsoron taka ruwa. Auta ta danna gabanta da hannu biyu, ya ƙi lotsawa. Ta sake shigewa ƙarƙashi. Can sai ta ƙwala kira.

"Mama! Aljani ya shigo gidan nan. Mai ƙarfi kuwa."

"Mai baƙin mai a hannun riga?" in ji uwarta.

Na dubi hannun rigata.

Auta ta turo kai waje. "Baba, da gangan na bar su. Akwai roba a cikin kowanne. Sai mota ta zauna da nauyinta ake ɗaurewa. In aka ɗaure tana sama, robar murɗewa take yi, kafin wata guda ta yage. A kan duwatsun nan da kake tsoro."

Ta gwada kwancewa, ko motsi ba su yi ba. Dole aljanin ya kwanta a kan kwali, da tumbinsa da ciwon bayansa. Ina sassauta na ƙarshe motar ta sauka a hankali kamar mai ajiyar zuciya.

Ta miƙo mini wata sifana da ta aro. "Wannan in ɗauri ya kai, za ta ce ƙas. Da ta ce ƙas, ka tsaya."

"Ko ɗan ƙari?"

"Baba!"

Sau takwas ta ce ƙas, sau takwas na danne zuciyata.

Litinin da hantsi Auta ta kira. "Na iso. Ko sau ɗaya cikin motar bai taɓa ƙasa ba."

"Ba ki ji wata ƙara a hanya ba?"

"Na ji. Wayata, sau shida, duk kai ne."