Sai Litinin

Ranar da na gaya wa Inna zan tafi wata ƙasa in yi aikin sa-kai a makaranta na zango guda, ba albashi ba komai, sai da ta ajiye tsintar shinkafar da take yi ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kyauta? Ke ɗin? Ke da ko cokali aka zo aro sai kin tambayi ranar maidowa?"

Yaya na gefe yana dariya har da buga cinya. Wai yaran garinmu sun gama shan masifata, yanzu zan kai wa na wasu su ɗanɗana. Ko kallo bai ishe ni ba. Na daɗe ina riƙe da alli a aji ɗaya, har na haddace inda rana ke faɗowa a kan allo. Na gaji, kuma ina son in ga ko a wani wurin ma ni malama ce.

Makarantar tana ƙarshen layin bas, inda direba ke kashe mota ya sauka ya sha shayi. Gidan da aka sauke mu yana manne da katangarta: ɗaki biyu, kicin kamar akurki, da butar shayi da aka ɗaure murfinta da waya. Abokiyar zamana yarinya ce wadda a haife na haife ta. Doguwa nake ce mata, ita kuma ta ce mini Anti, kuma ita shekara za ta yi cur. A kan kanta a falo akwai tarkacen waɗanda suka riga mu zama, su laima mai karyayyen hannu, silifas wari ɗaya, kwalaben man shafawa rabi-rabi. A bayan gida kuma wani koren keke ne jingine da bango, tayar baya ta sace.

Da safe a buga ƙarfe, yara su yi layi, in shiga ajin ƙanana in koyar da lissafi da karatu. Harshensu a bakinsu na tsince shi, suna gyara mini suna shaƙewa da dariya. Inda magana ta ƙare sai in cike da hannu da harara, ita harara kuwa ko'ina ana jin ta.

Ran Juma'a idan an tashi, ni da Doguwa mu rataya jaka mu hau bas. Mun je bakin teku, inda na tsaya can nesa riƙe da takalmina, Doguwa na ihu in shigo, ina cewa ba da ni ba. Mun hau wani dutse da na rantse a rabin hanya ba zan ƙara ba, kuma na ƙara. A wani masauki aka ba ni gadon sama, ni da gwiwa irin tawa! Lahadi da yamma mu dawo da ciwon baya da 'yar tsarabar yara, katantanwa da duwatsu masu santsi.

Tun Litinin ta farko na lura da wata yarinya a ajina, siririya, mai kitso biyu da haƙorin gaba da bai gama fitowa ba. Sauran ranaku tana aji kamar kowa, har ta fi kowa saurin lissafi. Amma ran Litinin, an buga ƙarfe ko ba a buga ba, tana zaune a kan wani bulo a bakin get, jaka a cinya, ido a kan kwanar da bas ke ɓullowa. Sai motocin safe sun gama wucewa take shigowa, darasin farko ya riga ya tafi. Makarantar ba ta da maigadi, sai na naɗa ta.

"Maigadi, yau ɓarayi nawa kika kama?"

Ko murmushi ba ta yi ba.

Na kai maganar wurin Shugaba, wato shugabar makarantar, dattijuwa mai gilashi rataye a wuya da magana ƙasa-ƙasa. Ta tura ƙofar ofis sannan ta ba ni labari. Bara an yi wata malamar sa-kai da yara ke kira Malama Mai Keke. Gidan su yarinyar da nisa, mahaifiyarta kuma tana aikin masana'anta sai yamma, sai malamar ta riƙa goya ta a keken nan tana kai ta gida kullum. Da zangonta ya ƙare, ran Juma'a ta ce wa aji sai Litinin kamar yadda ta saba. Asabar ta hau jirgi.

"Ba sallama?" na ce.

"Haka muke yi a nan, Malama. Ke ma haka za ki yi."

Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Da can muna taron ban kwana. Sai a yi mako ana kuka ba karatu. Akwai shekarar da wani yaro ya bi bas da gudu har babban titi, Allah ne ya tsare. Ku kuna zuwa kuna tafiya, mu muna nan. Yara kuma suna mantawa."

"Wannan ba ta manta ba."

"Za ta manta."

Na fito raina a ɓace, amma ban iya cewa matar nan ba ta da hujja ba.

Wata rana da la'asar na janye keken nan zan ɗaura igiyar shanya, sai na ji murya daga kan katanga.

"Kada ki taɓa! Na Malama ne."

Maigadi ce, ta ɗare katanga tana leƙe.

"To ni mece ce, mai sayar da gawayi?"

"Za ta dawo," ta ce. "Ai ba a tafiya a bar keke."

Na mayar da shi yadda na same shi. Doguwa ta riga ta gaya mini keken na gidan ne, duk wanda ya zo shi yake hawa, tun kafin a sa yarinyar nan makaranta yake nan. Ban gaya mata haka ba, na ce mata ta sauko kafin ta karye a ce ni ce.

Daga nan na canza dabara. Ran Litinin sai in bar wa aji aiki, in ɗauko ƙaramin allo in je in tsuguna kusa da bulonta. Mutum nawa suka sauka daga wannan bas? In an haɗa da na ɗazu fa? Tana ba ni amsa ba tare da ta ɗauke ido daga hanya ba. Shugaba ta gan mu ta taga, ta yi kamar ba ta gani ba. Katantanwar da nake kawowa, Maigadi ta riƙa zaɓar tata tana tarawa a wani gwangwanin fensir. Ni ban iya keke ba, kuma ba a wannan shekarun zan koya ba, saboda haka a ƙafa nake raka ta idan an tashi. Tana gaba tana zuba kamar rediyo, ina baya ina haki. A hanyar nan ne na san tana tsoron kare, tana son ta zama direbar bas, kuma a ganinta hancina ya yi girma.

Sai wani ƙarshen mako muka yi nisa, jirgin ƙasan da za mu dawo a ciki ya lalace a hanya, dole muka kwana a garin da ya tsaya. Ba mu iso ba sai Litinin da hantsi. Ina sauka daga bas na ga ta taso daga kan bulo a guje. Na buɗe hannu ina tsammanin runguma ce, ashe duka ne. Ta dinga kai mini naushi a cinya da 'yan hannuwanta, tana kuka ba sauti.

"Na ɗauka ke ma..." Ba ta ƙarasa ba.

Na je ne in rage mata jira, sai ga shi na ƙara mata wadda za ta jira. Ga zangona kuma ya zo gangara.

Ran nan da rana na kira Inna na zayyane mata komai.

"Ke akuya ce da za ki fice ba sallama?" ta ce. "Ko maƙwabta za ki shiga ai kya ce kin tafi."

"Inna, dokar wurin ce."

"To bi musu dokarsu, ba garinku ba ne. Amma kada ki kalli 'yar mutane ki ce mata sai Litinin alhali kin san babu wata Litinin."

Na koma ofishin Shugaba, wannan karon da masifata a hannu. Na ce yarinyar nan ta kusa shekara a kan bulo, idan na sulale haka za ta ƙara wata shekarar, darasin Litinin kuma ya tafi ke nan. Ta bar ni na gama tas.

"Ke za ki faɗi gaskiyarki ki hau jirgi, Malama. Ni za a bar wa kukan."

Gaskiya ta faɗa. Ta cire gilashinta ta murza ido.

"Ajin dai ban yarda ki yi musu sallama ba. Ita kaɗai. Amma ki sani, yanzu darasi ɗaya take rasawa. Idan ta yi fushi ta daina zuwa gaba ɗaya, uwarta ba ta gida balle ta koro ta. Kin ɗauki wannan?"

Na ce na ɗauka.

Ran Laraba ta makon ƙarshe, muna hanyar gidansu, na ce mu zauna a bencin wani rufaffen shago, gwiwata ta motsa. Ta zauna tana karkaɗa ƙafa, gwangwaninta a hannu.

"Maigadi, ran Asabar zan tafi."

"Sai Litinin?"

"A'a. Gida zan koma, wurin Innata. Ba zan dawo ba."

Ƙafar ta tsaya.

"Ko wata Litinin ɗin?"

"Ko wata."

Na so in tsaya a nan, Allah ya sani na so. Amma rabin magana ce, rabin kuma ba zai ɗaga ta daga kan bulo ba.

"Malama Mai Keke ma ba za ta dawo ba. Ta koma ƙasarsu tun bara. Keken na gidan ne, ba nata ba ne. Ba don kin yi laifi ta tafi ba, ni ma ba don kin yi laifi ba. Lokacinmu ne ya ƙare."

"Ƙarya kike yi!"

Ta miƙe ta maka gwangwanin da ƙasa, katantanwa ta watse har cikin kwata. Ta ce dama ba ta sona, ban iya keke ba, ban iya magana ba, in tafi tun yau. Sannan ta zura da gudu. Na bi ta daga nesa har na ga ta shige gida, na dawo na tsuguna ina tsintar katantanwa ɗaya bayan ɗaya, masu wucewa na kallona.

Alhamis ba ta zo ba. Juma'a ma kujerarta wayam. Shugaba ba ta ce mini uffan ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Da aka tashi yara suka haɗa baki, "Malama, sai Litinin!" Na ce Allah ya yi muku albarka, na juya ina goge allon da ba komai a kansa. Gwangwanin na bar wa Doguwa. Asabar da safe ta raka ni bas, na zauna a gefen taga, ina kallon bulon nan har muka sha kwana.

Na iso gida ran Lahadi. Yaya ya ɗaga jakata ya ce wannan nauyin duwatsu na kwaso musu ko me, na ce ƙwarai kuwa, duwatsu ne. Kowa na tambayar teku da jirgin ƙasa, ina ba da amsa, hankalina na can.

Ran Litinin na kasa karyawa. Ina zaune a tsakar gida kusa da Inna, waya a cinya, ina duba ta kamar mai jiran sakamakon asibiti. Wajen azahar Doguwa ta kira.

"Anti, ta zo."

"Ta zauna a bulon?"

"Ko kallonsa ba ta yi ba. Ana buga ƙarfe ta shiga layi. Na ba ta gwangwanin, ta buɗe ta duba, ta sa a jaka."

Na sauke ajiyar zuciya. Ya kamata in tsaya a nan, amma bakina bai bar ni ba.

"Ta tambaye ni?"



"A'a, Anti. Ba ta tambaya ba."

Na ce alhamdu lillahi, ai abin da ake so ke nan. Na kashe waya, sai kawai na ji hawaye na bin fuskata, ni da ban yi kuka ba ko a filin jirgi. Daɗi nake ji, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

"Mene ne kuma?" in ji Inna. "Ba ta zo ba?"

"Ta zo, Inna. Tana aji. Ba ta jira na."

Inna ta daɗe tana kallona. Sannan ta turo mini kwanon abincin da na ƙi ci tun safe, ta ce in ci kafin ya ƙara hucewa.