Fursunonin Injiniya

Shekararsa hamsin da huɗu, sana'arsa gyaran firji da fanka, amma duk layin Injiniya suke kiransa, shi kuwa bai taɓa musawa ba. Wata rana ya je duba firjin wani ofis a jami'a, sai ya ga takarda manne a bango: kwas na mako shida kan tattalin arziki, duk Asabar da safe, ba a tambayar shekaru. Bai bar harabar ba sai da ya ba da sunansa.

Da matarsa ta ji, ta ce, "To, Baban yara, Allah ya kawo arzikin tukuna, sai a san yadda za a tattala shi."

Malamar ajin matashiya ce, da kaɗan ta girmi babbar 'yarsa. A sahun gaba yake zama da sabon littafi da biro biyu, kusa da wata dattijuwa mai shagon yadi wadda ba ta rubuta komai, sai dai ta gyaɗa kai ta ce ta daɗe da sanin wannan. Kafin mako uku gidansa ya cika da ilimi. Ko sabulu ne ya ƙare a banɗaki, sai ya ce buƙata ce ta rinjayi wadata. 'Ya'yansa mata biyu, Yaya mai shekara sha tara da Auta mai sha shida, suka koma kiransa Farfesa a bayan idonsa.

A mako na huɗu aka shiga nazarin dabarun wasa, wato yadda mutum yake yanke shawara yana lissafin abin da abokin karawarsa zai yi. Malama ta ba su labarin fursunoni biyu da aka raba wa ɗaki. In duka sun yi shiru, hukuncinsu kaɗan ne. In ɗaya ya tona, a sake shi, ɗayan ya sha ɗauri mai tsawo. In duka sun tona, kowa ya sha matsakaici. Ta ce lissafi ya nuna kowanne tonawa zai yi, don ko me ɗan'uwansa ya zaɓa, tonawar ta fi masa. Injiniya ya ja layi biyu a ƙarƙashin wannan.

Washegari ya bar tabarau ɗinsa na karatu a kujerar falo ya leƙa shago. Ko da ya dawo, ƙafar tabarau ɗin ɗaya ta karye, gilashi ya tsage, alamar an zauna a kai. 'Yan matan ne kaɗai a falon, kowacce ta duƙufa a wayarta kamar ba a duniyar take ba. Ransa ya ɓaci, amma can ƙasan zuciyarsa wani daɗi ya ji: ga karatu ya kawo kansa har gida.

Ya tura Yaya kicin, Auta ɗakinsu. Ya karanta wa kowacce sharaɗi: wadda ta faɗi mai laifi ta huta wanke-wanke mako guda, a karɓe wayar ɗayar mako guda. In duka sun nuna juna, kwana uku-uku babu waya. In sun yi shiru, kwana ɗaya.

Yaya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Baba, ko in ɗora maka shayi?"

Ya ce a ransa, babba ce, taurin kai ya yi mata yawa; ƙaramar ce za ta karye. Auta kuwa ta sa ya maimaita sharaɗin, ta yi lissafi da yatsu, har ya soma murmushi. Sai ta ce, "Baba, in na faɗa, a ina zan kwana? Ɗakinmu ɗaya fa. Kuma duk takalman da nake fita da su nata ne." Ta miƙo masa wayar da hannu biyu.

Haka ya karɓe wayoyin. Da ba su da abin yi, suka biyo shi shago, suka zauna a kan wani mataccen firji suna jero masa tambayoyi: me ya sa fanka take da fiffike uku, shin Mama ce ta fara cewa tana son sa. Kafin la'asar ya mayar musu da kayansu, ya roƙe su su tafi gida.

Ranar Asabar ya shiga aji da tabarau ɗaure da baƙin tef na wayar lantarki. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ki yi haƙuri, lissafin nan naki akwai gyara." Ya kwashe labari ya faɗa. Ajin ya ɗauki dariya, malama har da dafa tebur.

"Baba, ai ka riga mu shiga darasin yau," in ji ta. "Fursunonin can sau ɗaya suke haɗuwa. Naka kullum tare suke kwana suke tashi. Wanda ya san gobe ma zai buƙaci ɗan'uwansa, ba ya sayar da shi yau." Ta roƙe shi ya fito ya zana jadawalin zaɓin 'ya'yan nasa a allo, da wanke-wanke da waya a ciki. Ya fito ya zana, layukansa sun miƙe sambal.

"To wa ya fasa?" wani ya tambaya daga baya.

"Har yau ban sani ba."

Mai shagon yadi ta taɓa shi da gwiwar hannu. "Kai ma dai. Uwarsu za ka tambaya."

Ya iske matarsa tana guga a falo. Ya zauna, ya yi gyaran murya, ya tambaye ta ko ta sani.

"Tun ranar na sani," ta ce, ta juya rigar ba ta ko ɗago ba. "In na faɗa, wanke-wanken kwana nawa za ka ɗauke mini?"