Hannun Tadeo a Kafaɗar Gasparo

Tun Gasparo yana saurayi, a majami'ar garinsu da ke kusa da birnin Venis haka ake waƙa: ƙaton littafi guda a kan kanta, mawaƙa sun kewaye shi, kowa ya ɗora hannu a kafaɗar na gabansa yana ɗan buga masa lokaci da yatsa. Na bayan Gasparo kullum Tadeo ne, abokinsa na ƙuruciya.

"Kai Tadeo, waƙa muke ko dakan sakwara?" in ji Gasparo in an tashi. "Wannan hannu naka na mahauta!"

"Kafaɗarka ce ta tsufa, malam. Ci tuwon masararka ka yi shiru."

Abin da Gasparo ya ɓoye wa kowa shi ne kunnensa ya mutu, saura kaɗan. Muryarsa tana nan garau, yana jin ta a ƙirjinsa. Amma inda zai shiga da inda zai tsaya, yatsun Tadeo ne ke gaya masa. Ran da aka gane, to ya bar waƙa ke nan, shi kuwa bai san wata rayuwa ba.

Sai aka kawo sabon shugaban mawaƙa, Fiorindo, matashi mai zafin nama. Ya zo da masu goge da masu ƙaho, ya ce zamani ya juya. Ranar idin waliyyin gari za a raba mawaƙa biyu, rabi a barandar dama, rabi a ta hagu, wannan ɓangare ya kira, wancan ya amsa, kowa da takardarsa a hannu. Batun dafa kafaɗa kuwa, ya ce a bar wa kakanni.

"Baba Gasparo, kai dama. Baba Tadeo, hagu."

"Maigida, da ka bar mu tare mana," in ji Gasparo.

"Manyan muryoyi biyu gare ni, Baba. In tara su wuri guda, ɗaya barandar ta ci me?"

A wajen gwaji Gasparo ya yi ta dabara, yana motsa baki, yana tari, wai mura. Fiorindo ya ce ranar idi dai ba mura.

Ranar ta zo. Majami'a ta cika maƙil. Gasparo ya hau barandarsa, ya tarar ginshiƙi ya tare masa shugaban da ke ƙasa. Masu goge sun fara, yana ganin hannuwansu na kai da kawowa, ba ya jin komai sai guu kamar ruwa a rijiya. Tsoro ya kama shi sosai. Kafaɗarsa fayau, ba kowa.

Ya ɗaga ido. Can ƙetare, Tadeo ya fito bakin baranda, ya ajiye takardarsa, ya zuba masa ido. Ya ɗaga ƙaton hannun nan yana dukan kafaɗar kansa, tim, tim, a gaban jama'a, ko kunya babu. Da lokaci ya yi ya gyaɗa kai, Gasparo ya buɗe baki ya shiga daidai.

Suna saukowa Fiorindo ya tare Tadeo. "Baba, ƙuma ce ta cije ka a ɗakin Allah?"

"Tsufa ne, maigida."

Gasparo ya bi Tadeo waje, idonsa ya ciko da ƙwalla. "Tun yaushe ka sani?"

Tadeo ya matso da bakinsa daf da kunnensa, ya ɗaga murya. "Kai da kake cewa hannuna ya yi nauyi, da can haka yake? Ai tun ran da na gane na ƙara masa nauyi."