Dutsen Niƙan Orsola

Shekarar da Fada Gaudenzo ya zama shugaban gidan zuhudun garinmu, ya kafa doka: kowa ya kai hatsinsa maniƙar coci, su kuma su ɗebi kasonsu. Wanda ya niƙa a gida, ba za a yi masa addu'a ba ko gawarsa ce. Aka bi gida-gida aka kwashe duwatsun niƙa, aka daɓe tsakar coci da su don mu riƙa takawa.

Maƙwabciyata Orsola, gwauruwa mai 'ya'ya biyar, ta yi kuka har da majina. Sha'irinta ba ya kai ta bazara ko ba a taɓa shi ba, balle an ɗebi kaso.

Sai ga Orsola, wadda ko ranar Lahadi sai an ja ta, ta koma coci kullum. Ta durƙusa wuri guda, ta baza faffaɗan siket ɗinta, tana gaba tana baya.

Na ce, “Ke Orsola, yaushe kika tuba?”

Ta ce, “Rufe mini baki, sarkin sa ido. Matso ki gani.”

Ashe a kan dutsenta take, sha'ir da ɗan dutse a ƙarƙashin siket! Wallahi dariya ta kusa kashe ni. Kafin wata ya mutu, kowace mace ta gano nata. Mukan rera waƙar yabo da ƙarfi don ta danne ƙarar niƙa.

Fada kuwa kai ya kumbura. Ya gayyato bishop ya ga matan da ya shiryar. Bishop ya yi ta sa masa albarka har da ƙwalla, ya ce a ƙasar duka ba coci irin wannan. Suna tsaye sai ga gari ya gangaro har bakin takalmin Fada. Ya duba, ya sa ƙafa ya take. In ya tona mana asiri, ya tona nasa.

Da baƙo ya tafi, Fada ya sunkuyo kan Orsola yana huci: “'Yata, tono tsiyarki ki kai gida. Na janye dokar.”

Orsola ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Haba Fada, ina sauri? Rufina yoyo yake, naka kuwa ba ya yi. Ɗan matsa, ka tare mini haske.”