Kujerar Masu Ƙuli-ƙuli

Ranar da Alhaji Tahir ya ce an sa ni a kwamiti, murmushinsa ne bai kwanta mini ba. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman gyaɗa ta ƙauyenmu, nan gefen Makoda, kuma tun da na dawo da difuloma bai taɓa amsa gaisuwata da abin da ya wuce "lafiya" ba.

"Ramlat, 'yata, ilminki ba zai tafi a banza ba," in ji shi. "Ku za ku riƙa nemo mana waɗanda suka cancanci shugabanci, ku tantance su, ku koya musu aiki."

Na sa hannu. Sai da na karanta dokokin ƙungiyar a tsanake na ga inda aka ɗaure ni: wanda ya shiga wannan kwamiti ba ya neman kujera sai bayan shekara uku. Kowa kuwa ya san kujerar mata nake so. Mata sittin da uku ke matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli a ƙungiyar, amma shekara shida ke nan Jamil, ƙanin matar Alhaji, ke zaune a madadinsu, wai don matan aure ba sa fitowa gindin darbejiyar da ake taro su zauna da maza.

Innata ta ce in ajiye musu kayansu. Na ce ba zan ba su wannan daɗin ba.

Mu uku ne a kwamitin: ni, da Tasi'u abokin Jamil, da Malam Abdulmumini tsohon hedimasta, wanda ban taɓa gane inda ya dosa ba. A ce mini taro bayan la'asar, in je in tarar an tashi tun azahar. Sai na koma zuwa da hantsi da 'yar tabarmata, in zauna har su iso.

"Hajiya Difuloma, yau ma gadin bishiya ake?" in ji Tasi'u.

"Eh, kada a sace ta kamar yadda ake sace lokacin taro."

Malam ya sunkuyar da kai. Ko dariya ya ɓoye, ko haushi, Allah masani.

Tun daga kaka na shiga bin gidaje neman wadda ta dace da kujerar, tunda ni babu zauren da zai tsayar da ni. Mazan suna tambayar abin da nake rubutawa, matan kuma suka ɗauka Alhaji ne ya turo ni jin bakinsu. Na bar littafin a gida. Na zauna ina taya su ɓarar gyaɗa har babban yatsana ya tsage, kafin suka fara magana. Ba zan ɓoye ba, na so in ji sun ce ni suke so, ko da ba zai yiwu ba. Babu wadda ta faɗa.

"Ke ai gobe aiki zai kira ki Kano," in ji wata. "Inna Maryam dai. Ita ce in ta damƙi gyaɗa take sanin an jiƙa ta don ta yi nauyi."

Inna Maryam tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ba ta da kulle kuma ba ta da tsoro.

Ban san wanda ya kai wa Alhaji labari ba. Ya tare ni a hanyar rijiya, ya taɓa aljihun rigarsa.

"Takardar da kika sa wa hannu tana nan. In kin so a yaga, ki hau kujerar. Mai ilmi ai ta fi tsohuwar da ba ta san bihim ba."

Raina ya biya, wallahi. Amma me ya sa yau na fi masa sauƙi? Ni dai ban iya gane jiƙaƙƙiyar gyaɗa ba, kuma kujerar daga aljihunsa za ta fito.

"Baba, a bar ta yadda take," na ce.

Ranar tantancewa Tasi'u ya kawo sunan Jamil, ni na kawo na Inna Maryam. Saura Malam. Ya daɗe yana goge tabarau.

"Wa zai karanta mata takardu?"

"Koyarwa aikin kwamitinmu ne, Malam. Ni zan yi."

"Shekara uku ce fa, Ramlat."

"Na ƙirga."

Ya rubuta sunanta ba tare da ya dube ni ba. Har yau ban sani ba ko gaskiya ya bi, ko wata tsohuwar jiƙaƙƙa ce tsakaninsa da Alhaji.

Da yamma na je gidanta na tarar tana kwashe ƙuli-ƙuli daga kasko. Na gaya mata.

"To, 'yar boko," ta ce, "wanke hannu ki zauna. Fara karanta mini inda aka rubuta wanda ke riƙe da makullin siton ƙungiya."